TARIHIN MARIGAYI DAN ANYIAM, KOCIN RANGERS NA FARKO (1926-1977)

A wannan fitowa filinmu na tarihin mutanen da suka shuɗe zai leƙa filin ƙwallo ne, don mu kawo muku labarin wani mutum da sunansa ya fi shi kansa sanuwa a wurinmu.

Duk mai sauraren labarin wasanni a rediyo ya san Dan Anyiam, domin sunan babban filin wasa na Oweri ke nan. Magoya bayan Kano Pillars da ke cikinmu kuwa ba za su manta da filin ba, don a nan ne Heartland ta ɗura musu ci 4 ba ko ɗaya a shekarar 2009, a wasan kusa da na ƙarshe na kofin zakarun Afirka. To amma in ka tambayi yaranmu na Ogbete, waɗanda za su iya lissafa maka kocin Arsenal da na Barcelona tun daga kan kakanninsu, ka ce wane ne Dan Anyiam, sai ka ga an yi zuru. Wasu ma suna jin Dan ɗin nan irin namu ne, na Ɗan Maraya da Ɗan Ƙwairo, watau wani Bahaushe ne ɗan garin Anyiam. A'a. Daniel ne aka gutsure ya koma Dan. Mutumin Ibo ne, kuma a nan Inugu, garin da muke ci muke sha, ya yi aikin da ya fi kowane girma a rayuwarsa.

An haifi Daniel Anyiam ran 26 ga Nuwamba, 1926, a Nkwerre, wadda yanzu take cikin Jihar Imo. Masu zuwa cin kasuwa wajen Orlu sun san garin, an san mutanensa da ƙira da fatauci tun zamanin da. A makarantar mishan ta garin ya fara buga tamaula, da ya gama firamare kuma sai ya yi abin da samarin lokacin ke yi, ya tafi Ikko neman aiki.

A wancan zamani babu wanda ke cin abinci da ƙwallo tsagwaronta a Nijeriya. Manyan ƙungiyoyi duk na ma'aikatu ne da kamfanoni: Reluwe na da tata, ma'aikatar jiragen ruwa na da Marine, 'yan sanda na da tasu, haka nan kamfanin UAC, wanda iyayenmu suka sani da sayen gyaɗa da fatu a Arewa. Yaro in ya iya taka leda sai a ba shi aikin akawu ko na sito, da safe yana ofis, da la'asar yana fili. Ta wannan hanya Anyiam ya shiga UAC, yana wasa daga baya, har ya zama kyaftin ɗinsu. Shi ya ja su suka ci Kofin Gwamna a 1950, inda suka doke Fatakwal a wasan ƙarshe. Wannan kofi, wanda aka fara a 1945, shi ne daga baya ya zama Kofin Ƙalubale. Tun da aka fara shi bai taɓa fita Ikko ba sai a 1953, Kano ce kuwa ta fitar da shi. Wannan ma ya kamata yaranmu su riƙe.

Amma abin da ya fara fito da sunansa ya faru shekara guda kafin nan. A 1949 aka zaɓi 'yan wasa 18, ƙungiyar ƙasa ta farko ke nan a tarihin Nijeriya, aka tura su Ingila su gwada ƙwanji. Etim Henshaw na Marine shi ne kyaftin, Anyiam mataimakinsa, yana da shekara 22 kacal. Akwai Teslim Balogun mai bugun tsawa, da Titus Okere, da gola Sam Ibiam daga Fatakwal, sa'an nan John Dankaro daga Jos, ɗan'uwan Sunday Dankaro wanda ya zo ya shugabanci hukumar ƙwallo ta ƙasa a shekarun 1970. Mafi yawansu dai 'yan ƙungiyoyin Ikko ne. Suka shiga jirgin ruwa mai suna Apapa cikin watan Agusta, suka yi kusan mako biyu a kan teku kafin su sauka Libaful, aka haɗa su da wani Bature John Finch, tsohon ɗan wasan Fulham, ya zama mai koyar da su.

Abin da ya ɗaure wa Turawa kai shi ne yaran nan ba su sa takalmi. Ƙafa tsirara suke wasa, sai dai wasu su naɗe ta da bandeji. A haka suka lallasa Marine Crosby da ci 5 da 2 a wasansu na farko. Daga nan fa sai ƙasar ta nuna musu halinta, ga ruwan sama ga taɓo ga sanyi. Wasa 9 suka yi, suka ci 2, suka yi kunnen doki 2, aka cinye su 5, mafi muni shi ne wanda aka zura musu 8 ba su rama ko ɗaya ba. Kuma fa duk ƙungiyoyin da suka kara da su na 'yan sa-kai ne, ba na ƙwararru ba. A hanyar dawowa jirgi ya tsaya Saliyo, suka buga da 'yan ƙasar ran 8 ga Oktoba, suka ci 2 ba ko ɗaya. Wannan shi ne wasan Nijeriya na farko da wata ƙasa. Wata guda da 'yan kwanaki bayan haka 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe masu haƙar kwal 21 a Iva Valley, nan bayanmu. Ka ji irin zamanin da ake ciki.

Wannan tafiya ta raba hanyoyin 'yan wasan. Okere ya koma Ingila ya shiga Swindon a 1953, Balogun ma ya bi, ya yi wasa a Peterborough da QPR. Anyiam bai bi su ba. Ya riƙe kyaftin na ƙasa a farkon shekarun 1950, daga nan ya juya ga koyarwa tun yana da sauran ƙarfi a ƙafa. A ganinmu abin da ya gano a Ingila shi ne ba baiwa ce ta kasa mana ba, tsari ne babu, don wanda ya ci 5 ba takalmi ai ba za a ce bai iya ba.

Daga 1954 zuwa 1956 shi ke riƙe da ƙungiyar ƙasa, wadda a lokacin ake kira Red Devils saboda jajayen rigunansu, kuma shi ake lissafawa ɗan ƙasa na farko da ya yi wannan aiki. Bai kai shekara 30 ba. Ba za mu ɓoye ba, cikin waɗannan shekaru ne, a 1955, mutanen Gwalkwas, watau Gana ta yanzu, suka yi mana 7 ba ko ɗaya a Akara, kuma har yau ba a taɓa yi wa Nijeriya cin da ya wuce wannan ba. Sai dai a duba yadda aikin yake a lokacin. Babu gasar lig ta ƙasa da koci zai zauna ya ga 'yan wasa mako-mako, ba a fara ta ba sai 1972. Ɗan wasa ma'aikacin wani ne, sai maigidansa ya ba shi izini zai zo. Daga Kano ko Fatakwal zuwa Ikko tafiyar kwanaki ce a jirgin ƙasa. Mutanen da ka tara jiya ka kai su fili gobe, me za ka koya musu?

Bayan shi sai aka shiga kawo baƙi. Les Courtier Baturen Ingila, sai Beit Halevi daga Isra'ila a shekarar samun mulkin kai, sai George Vardar. Da Nijeriya ta je gasar kofin Afirka karo na farko a 1963, Masar ta yi mata 6 da 3, Sudan ta yi mata 4 ba ko ɗaya. A 1964 aka sake waiwayar Anyiam. Ya riƙe zuwa 1965, sai aka kawo József Ember ɗan ƙasar Hangari aka miƙa masa.

A nan za mu ɗan tsaya, don abin yana ci mana rai. Gasar nan ta 1963 da aka kunyata mu, Gana ce ta ɗauki kofin, kuma kocinta ɗan ƙasa ne, C.K. Gyamfi, tsararsu Anyiam, shi ma tsohon kyaftin ne. Gwamnatin Nkrumah ta yarda da shi, ta bar shi ya yi aiki, ya sake cin kofin a 1965, ya dawo ya ƙara a 1982. Mu kuwa namu ba a kiransa sai rufi ya faɗi, ya zo ya share ɓaraguzai, da wuri ya ɗan gyaru sai a ce ga Bature ya iso. Wannan hali bai mutu da Anyiam ba. Shu'aibu Amodu sau biyu yana kai Nijeriya gasar kofin duniya, ta 2002 da ta 2010, sau biyu ana sauke shi kafin a tafi. Sai da Stephen Keshi ya ɗauko kofin Afirka a 2013 tukuna ɗan ƙasa ya samu wannan rabo, shekara 50 cif bayan Gyamfi. Mu 'yan kasuwa mun san irin wannan maigidan, wanda yaron shagonsa zai yi shekara goma yana tsare masa dukiya, amma in za a buɗe sabon reshe sai ya ɗauko baƙo ya ba shi makulli.

Sai rigimar 1966. Ba sai mun ja labarinta ba, don babu gidan da ba ta taɓa ba, nasu da namu. Ibo suka kwaso daga Arewa bayan kashe-kashen da aka yi musu, mutanenmu kuma suka bar Gabas, wasu ba su kai gida ba. Garin nan da Malam Umaru Altine, Bafulatanin Sifawa mai fataucin shanu, ya yi wa magajin gari a shekarun 1950 da ƙuri'un Ibo, sai ga shi ya wayi gari babu Bahaushe mai iya kwana cikinsa. Yaƙi ya ɓarke ran 6 ga Yuli, 1967, sojan tarayya suka shiga Inugu cikin Oktoba na shekarar, ba a ajiye makamai ba sai Janairun 1970. Wata 30 babu maganar ƙwallo a Gabas.

Dattawanmu da suka fara dawowa da shanu da albasa da wake bayan yaƙi suna ba da labarin yadda suka tarar da garin: gidaje ba rufi, ciyawa ta cinye kasuwa, mutane sun rame, ga shi wanda ya ajiye kuɗin Biyafara a banki, komai yawansu, fam 20 aka ba shi. A cikin wannan hali ne, a shekarar 1970 ɗin, Jerry Enyeazu, wani jami'in wasanni, ya tashi kafa ƙungiyar ƙwallo, aka sa mata suna Rangers. Da ya zo neman wanda zai koyar da ita, Dan Anyiam ya ɗauko, lokacin yana da shekara 43. Karo na uku ke nan ana kiransa bakin kango, sai dai wannan karon babu Baturen da ke jira a bayan ƙofa.

Duk wanda gobara ta taɓa cinye wa rumfa ya san fara kasuwa daga babu. Jarin da Anyiam ke da shi kuwa ido ne. Dillalin shanu na ƙwarai in an sauke dabbobi daga mota a Gariki, duk sun jigata haƙarƙari a waje, yana iya nuna maka wanda zai murmure ya yi nama cikin wata biyu. To haka aikin nasa ya kasance, don 'yan wasan da ya tarar da yawansu daga bakin daga suka fito, wasu sun shekara uku ba su taɓa ƙwallo ba. Ya samu ƙashin baya wurin Godwin Achebe, wanda ya riƙe kyaftin na Nijeriya kafin yaƙi, ya ba shi kyaftin. Ga gola Cyril Okosieme, ga su Ernest Ufele da Mathias Obianika da Kenneth Abana da Dominic Ezeani. Akwai kuma Dominic Nwobodo, wanda har ya bar wasa ana ce masa Alhaji, ba don ya je Makka ba, sai don ya taɓa jin ciwo a ka aka naɗe masa bandeji kamar rawani ya ci gaba da wasa.

Shekara guda da kafuwa, a 1971, sai ga Rangers tana wakiltar Nijeriya a kofin zakarun Afirka. A dai tsaya a yi tunani a kan wannan. Yaran da bara waccan suke yaƙi da tutar Nijeriya, su ne yau suka ɗauke ta suka fita da ita waje. Suka fitar da ƙungiyar Secteur 6 ta Yamai, suka kai zagaye na gaba, inda ASEC ta Abijan ta tare su da ci 3 ba ko ɗaya a wasanni biyu. A shekarar dai suka kai wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale a Ikko da WNDC ta Badun, wadda daga baya ta zama IICC. Aka cinye su 2 da 1, bayan gola Amusa Adisa ya kama fenaritin da Achebe ya buga. Tsofaffin magoya baya a garin nan har gobe ba su huce da wannan fenariti ba.

Abin da ya fi burge mu da Anyiam shi ne bai zauna a kan tsofaffin hannu ba. Ya san wanda ya yi suna kafin yaƙi kwanansa a fili ƙidayayye ne, don haka ya bazama makarantu da ƙananan ƙungiyoyi. Daga Anaca aka samo wani dogon gola, Emmanuel Okala, wanda in ya tsaya a raga sai ka ce ƙofa aka rufe. Daga cikin 'yan makarantar sakandare na Jihar Gabas ta Tsakiya, waɗanda suka ci kofin ƙasa na ɗalibai a 1971, ya ɗauko wani yaro ɗan baya irinsa, Christian Chukwu, wanda daga baya duniya ta san shi da Ciyaman. Saye da arha tun kaya na ɗanye, a jira su nuna, shi ne ciniki. Manyan ƙungiyoyinmu na yanzu da ke kwasar 'yan wasa 20 kowace shekara su watsar su kwaso wasu, su kori koci bayan wasa biyar, da sun tarar da Anyiam a 1971 da sun sallame shi a kan fenaritin Achebe.

Amfanin haƙurin ya fito a 1974. Rangers ta ci lig, ta haɗa da Kofin Ƙalubale, inda ta doke Mighty Jets ta Jos 2 ba ko ɗaya. Nan fa kan mutanenmu ya rabu, domin Jets ƙungiyar Alhaji Isiyaku Ibrahim ce, ita ta ci lig na farko a 1972, kuma ita ce ta Arewa a lokacin, tun ba a haifi Pillars ba. Wannan rabuwar kai har yau tana nan. Wanda aka haifa a Ogbete ko Asata ya tashi yana jin ihun filin Ogui Road, ba ka raba shi da Rangers, wanda ya zo da girmansa daga Kano kuwa sai masu gida. An ga haka ƙarara a 2018 a Asaba, ranar da Pillars ta ci 3 ba ko ɗaya a wasan ƙarshe na kofin ƙasa, Rangers ta farke duka ukun ta kuma cinye a fenariti. Washegari akwai maƙwabtan rumfa, uwa ɗaya uba ɗaya a sana'a, da sai azahar suka gaisa.

Mu koma baya. A 1975 Rangers ta maimaita, lig da kofi duka. A Afirka kuma ta kai wasan ƙarshe na kofin zakaru, abin da wata ƙungiyar Nijeriya ba ta taɓa yi ba kafin nan. A kan hanya ta haɗu da Mehalla ta Masar, aka ci ta 3 da 1 a can, ta dawo gida ta rama da 3 ba ko ɗaya, har masu sharhi suka ari kalmarmu ta wahala suka haɗa da sunan baƙin. A wasan ƙarshe Hafia ta Gini, wadda ita ce dodon Afirka a shekarun, ta fi ƙarfinta gida da waje. A 1976 ta sake ɗaukar Kofin Ƙalubale, sau uku a jere ke nan, a hannun Alyufsalam Rocks ta Ilori.

Kada mu raina abin da wannan ya yi wa garin. Mutanen da aka ci da yaƙi, aka bar su da fam 20, sun samu wurin da za su tsaya gaban Ikko da Badun da Jos su ɗaga kai, ba tare da an zub da jinin kowa ba. Mu da muke baƙi a cikinsu mun ci moriyar haka ko ba mu lura ba, don zama da maƙwabcin da ya samu abin alfahari ya fi sauƙi a kan zama da wanda ba shi da komai sai ƙunci. Ranar wasa kuma ciniki ne, mai tsire da mai rake da mai goro duk sun san haka.

A watan Fabrairu na 1976 Janar Murtala ya ƙirƙiro sababbin jihohi, aka raba Gabas ta Tsakiya gida biyu, Anambra da Imo. Nkwerre ta faɗa Imo. Enyeazu ya koma can, kuma a shekarar aka kafa Enyimba a Aba da Spartans a Oweri, wadda ta zama Iwuanyanwu Nationale, daga baya Heartland.

Dan Anyiam ya mutu ran 6 ga Yuli, 1977, yana da shekara 50, shekara 10 daidai da ranar da aka fara yaƙin basasa. Bai ga babban girbin ba, saura 'yan watanni. A ƙarshen shekarar Rangers ta haɗu da IICC a wasan kusa da na ƙarshe na kofin Afirka na ƙungiyoyin da suka ci kofin ƙalubale a ƙasashensu. IICC ce ke riƙe da kofin tun 1976. Aka yi na farko a Ikko ba ci, zaman ɗar-ɗar tsakanin Ibo da Yarabawa ya yi tsanani har gwamnatin soja ta ɗauke wasa na biyu ta kai Kaduna, filin Ahmadu Bello, watau aka kawo mana su gida mu raba. Can ma ba ci, Rangers ta fita a fenariti. A wasan ƙarshe ta yi wa Canon ta Kamaru 4 da 1 a Ikko, aka yi 1 da 1 a Yawunde, kofi ya zo Inugu. Chukwu ne kyaftin, Okala na raga.

Bayan shekara uku, ran 22 ga Maris, 1980, Nijeriya ta ci kofin Afirka karo na farko, ta doke Aljeriya 3 ba ko ɗaya a Surulere, Shugaba Shagari ya miƙa kofin a hannun Christian Chukwu. Kocin da aka yi wa kirari ranar shi ne Otto Gloria, ɗan ƙasar Barazil. Jihar Imo ce ta tuna da Anyiam ta sa wa filin Oweri sunansa. Rangers kuwa tun da aka fara lig ba ta taɓa faɗawa rukuni na biyu ba, zuwa shekarar 2024 kuma ta ci shi sau 8, har da na 2016 da na 2024.

Shi Chukwu ya bi sawun maigidansa har a wajen rabo. Ya koyar da Rangers, ya koyar da Kenya, aka ba shi Super Eagles a 2002, ya kai ta matsayi na uku a Tunisiya a 2004, aka sauke shi a 2005 ana tsakiyar wasannin neman zuwa kofin duniya. Ya mutu nan Inugu ran 12 ga Afrilu, 2025, yana da shekara 74.